Kilo Bakwai na Iska

Ba a jima da sallame azahar ba, ranar wata Talata a shekarar 2016, wata ƙara ta girgiza wani layi a unguwar Manfuha ta birnin Riyadh. Masu shaguna da ke ɗaga ƙofofinsu bayan salla suka tsaya cak. Wasu suka ce tukunyar gas ce. Ashe taya ce ta fashe a shagon banshar, wato wurin masu faci, kuma ta tafi da ran mutum.

Kafin Sufeto Uwais ya iso, an riga an lulluɓe gawar da bargo.

Uwais ɗan ƙasa ne, a Riyadh aka haife shi. Amma kakarsa Gogo Bakatsiniya ce da ta zo hajji da ƙuruciya, ba ta koma ba. A bakinta ya tsinci Hausa, irin ta tsofaffi, ta murhu da ta faɗa. Shi ya sa duk ƙarar da ta shafi Hausawan Manfuha a teburinsa take sauka. Su ne ma suka laƙaba masa Sufeto, har sunan ya bi shi ofis.

Mutum uku ne ke aiki a shagon. Badamasi, saurayi daga Gusau, shi ne a ƙarƙashin bargon. Musbahu, Bazazzagi mai mata da jaririya, yana tsugune a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Sai Harouna, dattijo daga Maraɗi, wanda ya shekara goma sha tara a wurin, yana jan carbi.

Tayar da ta fashe ƙarama ce mai kumburi, ta dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da samari ke hawa a rairayin bayan gari. Ta dare gida biyu. Ƙarfenta ne ya tashi ya sami Badamasi a goshi yana duƙe yana kwance noti.

Uwais ya bi tiyon iska da ido har bango, inda injin yake manne. Irin na zamani ne: a danna lambar da ake so, a maƙala tiyo a bakin taya, shi da kansa zai cika ya tsaya. A gilashinsa an rubuta 102. Daga gefe, cikin ƙananan haruffan da baƙin mai ya kusa rufewa, an rubuta psi.

"Baba, dabbab iska nawa take sha?" Uwais ya tambayi Harouna.

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"Bakwai kacal?"

"Tayar yashi ce, ba ta son ƙarfi."

"To wa ya kai injin ɗari da biyu?"

Sai da aka maimaita wa Harouna tambayar. Sannan ya ce, cikin muryar wanda ake fizgo magana daga cikinsa, yana shigowa daga masallaci ya hangi Musbahu a jikin injin yana danne-danne, Badamasi kuwa ya ba shi baya. Ya ƙara da cewa duk layin sun shaida, ranar Juma'ar da ta wuce Musbahu ya rantse sai ya fasa wa Badamasi kai. Da Uwais ya tambaye shi ko an duba wata mota kafin salla, ya ce tun hantsi ba abin da ya shigo sai dabbab ɗin.

Uwais ya sa aka rufe shagon aka liƙa hatimi, ya hana kowa taɓa injin. Aka tafi da Musbahu.

A ofis, Musbahu ya fara da cewa tsakaninsa da marigayin ba komai sai alheri. Da aka karanto masa maganar ranar Juma'a, ya sunkuyar da kai ya amsa. A bene ɗaya suke zaune. Badamasi ya mayar da ƙarƙashin tagarsu wurin shan sigari, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana zuƙo hayaƙin ta kai wa 'yarsa Kamila, 'yar wata huɗu, wadda tari ya hana barci. Ya yi masa magana sau uku da lalama. Na huɗun ne baki ya kuɓuce.

"Ina kake lokacin da tayar ta fashe?"

"Masallaci. Na tsaya nafila."

"Sahu na nawa?"

"Na biyu... ko na uku."

Uwais ya riga ya tambayi ladan da masu shaguna huɗu. Ba wanda ya ga Musbahu a masallaci ranar. Ya faɗa masa haka, ya kuma faɗa masa abin da ke gabansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ga barazana a gaban jama'a, ga mai shaida da ido, ga ƙarya. In fayil ya tafi wajen masu gabatar da ƙara ranar Alhamis a haka, kisan ganganci za a rubuta. A ƙasar nan kuwa kowa ya san ƙarshen wannan.

Musbahu ya yi ta rantsuwa. Da rantsuwar ta ƙare masa, sai ya ce wani abu kamar mai magana da kansa.

"Yallaɓai, ni fa mai faci ne tun ina yaro. Ɗari nake bugawa, ko ɗari da goma, ko ɗari da ashirin. Wa ke buga ɗari da biyu? Biyun ta mece ce?"

Uwais ya ɗauki biro. Ya rubuta lambar a gefen takarda, ya zagaye ta.

Washegari da safe ya tarar da wata mata a kan bencin jira, sanye da baƙar abaya, jaririya a kafaɗarta, jakar kayan yara a ƙafarta. Ta ce sunanta Bilƙisu, matar Musbahu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba. Ta zuge jakar, ta ɗaga kwalbar madara da ƙyallen goge baki, ta fito da kati a cikin leda ta ajiye a teburinsa.

Katin rigakafin Kamila ne. An buga masa hatimin wani ƙaramin asibiti, da kwanan watan jiya, da lokaci: sha biyu da minti arba'in. A ƙasa, inda uba ke sa hannu, ga sunan Musbahu. Tayar ta fashe ne sha biyu da minti talatin da biyar, asibitin kuwa tafiyar minti ashirin ce a mota.

Ya tambaye ta me ya hana mijinta faɗin haka tun jiya.

Ta ce da motar shago ya kai su, ba da izini ba, don allurar ta riga ta wuce lokacinta da mako biyu, ita kuma ta ƙi yarda a sake ɗagawa. Kafil ɗinsu, mai shagon da iƙamar Musbahu, wato takardar zamansa a ƙasar, ke hannunsa, ya taɓa gargaɗinsa cewa in ya ƙara taɓa motar zai sa a yi masa fita ba dawowa.

"Tsoron a kore mu ne ya sa ya yi shiru," ta ce. "Shi a tunaninsa tunda bai yi ba, gaskiya za ta fito da ƙafarta. Ni kuwa na san sai an ɗauko ta. Gara a kore mu da uban 'yata, da a bar mu babu shi."

Uwais ya buga waya asibitin. Ma'aikacin ya tuna mutumin, don shi ya riƙe ƙafar yarinyar, kuma shi ya fi ta runtse ido.

Uwais ya ɗauki katin ya shiga wajen shugabansa yana ganin an gama. Shugaban ya juya katin gaba da baya, ya ce wannan ya nuna dattijon bai ga abin da ya ce ya gani ba, shi ke nan. Tsoho ne, a gigice yake, yana iya rikita lokaci. Amma me zai hana Musbahu ya ɗana injin a ɗari da biyu tun kafin ya fita, ya tafi asibiti don ya sami mafaka? Barazanar tana nan. Lambar tana nan. In Uwais bai kawo wanda ya sa lambar ba, gobe fayil zai tafi.

Da ya fito, Bilƙisu na nan a bencin tana jijjiga Kamila. Ta dubi fuskarsa ta gane. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko za a bar ta ta kai wa mijinta abinci.

Bayan azahar ya wuce Manfuha wurin zaman makoki. Ɗaki ne ɗaya a hawa na biyu, an jingine katifu a bango an shimfiɗa tabarmi. Direbobi, leburori, masu gadi, kowa ya saci sa'a guda daga aikinsa. Uwais ya cire takalmi, ya yi ta'aziyya, ya sami gefe ya zauna. Harouna ba ya nan. An ce jikinsa ne ba daɗi.

Ana cikin jimami wani dogon mutum mai suna Mamane, direban motar ruwa daga Damagaram, ya ce duniya ba komai ba ce. Shi da ya bar yaron nan da rai da lafiya jiya. Ana dab da kiran salla ya tsaya a shagon, Badamasi na wanke hannu zai yi alwala, har yaron ya tsokane shi ya ce motarsa ta girmi kakansa. Baba Harouna ya ba shi kilo bakwai a tayar baya, ya wuce.

Uwais ya ɗago. A Hausar Gogo, kilo na nama ne da shinkafa.

"Kilo bakwai na me, malam?"

"Na iska mana, yallaɓai."

"Iska ake aunawa da kilo?"

Duk da makoki sai da wasu suka murmusa. Mamane ya yi masa bayani kamar yadda ake yi wa baƙo. A wajensu, daga Maraɗi har Damagaram, ba wanda zai ce wa mai faci ya buga masa ɗari. Kilo ake cewa: ƙaramar mota kilo biyu da wani abu, babba kilo bakwai ko takwas. Shi ne abin da ake rubutawa da sunan bar a jikin geji, wato ma'aunin iska. Mutanen Najeriya ne ke da talatin da biyar ɗinsu da ɗari-ɗarinsu. Wani Bakano daga lungu ya ce ai su Nijar komai sai sun auna da kilo, saura numfashi. Mamane ya ce shi dai shi ya sa ba ya kai motarsa ko'ina sai wurin Baba Harouna, don shi kaɗai ke jin yarensa ba sai an yi lissafi ba.

Uwais ya tambaye shi ko Musbahu na nan a lokacin. Ya ce bai gan shi ba, motar shagon ma ba ta nan.

Ya yi sallama ya sauko. Da ya buɗe ƙofar motarsa, idonsa ya faɗa kan 'yar takardar da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar, wadda ya shekara huɗu yana wucewa bai karanta ba. Iskar taya ɗaya, an rubuta ta sau uku: 2.4 bar, 240 kPa, 35 psi. Iska ɗaya, suna uku.

Ya kira injiniyan sashen bincike ya tabbatar. Bar ɗaya psi goma sha huɗu da rabi ne. Bar ɗaya kPa ɗari ne. Kilon da direbobi ke faɗa kuwa shi da bar kusan abu guda ne.

A tsaye cikin rana, ya ɗora takarda a kan motar ya yi lissafin da biro. Goma sha huɗu da rabi sau bakwai. Ɗari da ɗaya da rabi. Injiniyan ya ce injin irin wannan ba ya nuna rabi a psi. Sai ya cike ta.

Ɗari da biyu.

Bayan la'asar ya sa aka ɗauko Harouna, aka yanke hatimin shagon. Kurtu biyu suka tsaya a ƙofa. Ba a wanke wurin ba tukuna, dattijon kuwa ya ƙi duban ƙasa.

"Baba, jiya ka ce ba motar da ta shigo sai dabbab."

"Haka na ce."

"Mamane fa?"

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce tsufa ne, ya manta. Mamane ya zo, ya ba shi iska, ya tafi.

"Nawa ka ba shi?"

"Abin da ya saba."

"Nawa ne a lissafin injin nan?"

"Ɗari... ɗari da goma."

"Mamane ya ce bakwai."

Uwais ya matsa jikin injin. Banda maɓallin ƙari da na ragi, akwai wani ƙarami a ƙasa wanda rubutunsa ya goge. Ya danna shi sau ɗaya. 102 ta ɓace, 7.0 ta fito, daga gefe an rubuta bar. Ya sake dannawa: 700. Ya danna na uku, 102 ta dawo. Ya mayar da shi kan 7.0 ya ja da baya don dattijon ya gani da kyau.

Sannan ya faɗa masa abin da ya faru, a hankali, ba tsawa. Mamane ya nemi kilo bakwai, Harouna ya juya injin zuwa bar ya sa bakwai. Aka kira salla, aka ja ƙofa. Badamasi ya dawo daga masallaci zai cika tayar dabbab mai shan bakwai, ya ɗaga kai ya ga bakwai a gilashi, ya ɗauka an riga an saita masa. Ya maƙala tiyo ya duƙa kan noti. Injin kuwa bakwai ɗin babbar mota yake nema, ninki goma sha huɗu da rabi na abin da tayar ke ɗauka. Bayan ta fashe, wani ya lallaɓa ya mayar da injin psi don a rasa gane an taɓa juya shi. Abin da bai sani ba, injin ba ya mantuwa. Fassara lambar kawai yake yi.

"Musbahu bai san kilo ba, Baba. Badamasi ma haka. A shagon nan mutum ɗaya ne ke tunani da kilo."

Harouna ya nemi wuri ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Kafil ya hana a taɓa wannan maɓalli," ya ce. "Tun ranar da aka kawo injin ya hana. Ni kuwa shekara arba'in da kilo na san iska. In na bi lissafinsu sai in ji kamar makaho ne ni. In mutanenmu suka zo sai in juya, in gama, in mayar. Ban taɓa mantawa ba. Jiya ladan ya kira, na yi sauri in ja ƙofa."

"Wannan kuskure ne. Da ka faɗa jiya, kuskure za a rubuta. Me ya kai ka ga Musbahu?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ya fara shigowa bayan ƙarar. Ya ga yaron a kwance, ya ga bakwai ɗinsa a bango. Hannunsa ne ya kai ga maɓallin tun kafin hankalinsa ya dawo. Da ɗari da biyu ta fito, ya san dole a tambayi mai ita. Mutane suka cika ƙofa, wani ya ambaci faɗan ranar Juma'a, shi kuwa ya ga hanya ta buɗe ya bi.

"Na ce a raina yaro ne, yana da ƙarfi, za su bincika su sake shi. Ni in na shiga, gawata za ta fito."

"Ka san hukuncin da ke jiransa?"

"Na sani."

Uwais ya rubuta, ya karanta masa da Larabci ya maimaita da Hausa, Harouna ya dangwala yatsa. Da kurtu ya matso da ankwa, dattijon ya miƙa hannuwansa da kansa. Abin da ya roƙa kawai shi ne kada a bi da shi ta gaban benen da ake zaman makoki.

Suna isa ofis ana shirye-shiryen magariba. Uwais ya riga ya yi waya a fara cike takardar sakin Musbahu. A bakin ƙofar shiga suka ci karo da Bilƙisu, kular abinci a hannu ɗaya, Kamila a ɗayan. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskar mai ita. Ba ta nemi bayani ba.

Harouna ya tsaya, kurtun da ke riƙe da shi ya dubi Uwais, Uwais ya yi masa alama ya dakata.

"'Yata," in ji dattijon, "ki yafe mini."

Ta gyara wa Kamila kwanciya a kafaɗarta kafin ta amsa, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, jiya da yamma kai ka hawo har ƙofata. Ka ɗauki yarinyar nan a hannunka, ka tofa mata addu'a, ka ce Allah ya raya marainiya. Ubanta yana da rai ka kira ta marainiya."

Harouna ya dubi ankwar da ke hannunsa.

"Yafiya ba a hannuna take ba yau," ta ce. "Akwai uwa a Gusau da ta riga ni."

Ta matsa gefe ta ba su hanya. Aka wuce da shi ciki.